Safar Hannun Hawan Ƙanƙara: Tambayoyin da Ƙannenmu ke Yawan Yi Kafin Su Shiga Kanti

Tun da na dawo Gusau daga karatu a Erzurum, can gabashin Turkiyya, hoton da aka fi tambayata a kansa shi ne wanda nake maƙale a jikin daskararren ruwa a Uzundere, can a lardin Erzurum ɗin, gatari biyu a hannu. Da kawuna ya gan shi cewa ya yi, "Kai ɗan nan, wanga wace irin wahala ce ka ɗora ma kanka?" Yanzu kuwa da yaranmu na Zamfara da Kebbi ke ta tafiya karatu ƙasashen sanyi, wasu kuma suna tara kuɗin hawan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, tambayoyin sun koma na sayayya, kuma galibi a kan safar hannu suke tsayawa. Na gaji da maimaita saƙon murya ɗaya, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai mene ne hawan ƙanƙara?

Ruwan da ke gangarowa daga kan dutse ne ke daskarewa a lokacin sanyi ya zama bango, wani ya kai tsayin bene mai hawa goma ko fiye, sai mutane su hau shi. Mai hawa yana da gatari a kowane hannu, da haƙoran ƙarfe ɗaure a ƙarƙashin takalmi, da igiya a ƙugu wadda abokinsa ke riƙe masa daga ƙasa. Yana tafe yana murɗa dogayen sukurori cikin ƙanƙarar yana maƙala igiyar, don in ya suɓuce kada ya kai ƙasa. Wuraren da suka yi suna sun haɗa da Rjukan a Norway, da Cogne a Italiya, da Canmore a Kanada, da Ouray a Amurka, inda ake fesa ruwa da bututu a bakin kwazazzabo don a samu abin hawa.

Wanda ya taɓa hawan dutsen Kwatarkwashi ya san aikin ƙafa da na numfashi, amma a can tafin hannunka ne ke taɓa dutse. A nan kuwa duk abin da za ka yi, daga ƙulla igiya har buɗe zif, da safa a hannu za ka yi shi.

Na saba da hunturu, kuma ina da safar da nake hawa mashin da ita. Ba za ta yi ba?

Ba za ta yi ba. Sanyin da ke sa mu kwana da garwashi a Gusau ko Birnin Kebbi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma busasshe ne. A Erzurum, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, digiri 20 a ƙarƙashin sifili ba labari ba ne a watan Janairu. Amma ba lambar ce kaɗai matsala ba. Ƙanƙarar da ake hawa tana ɗigar ruwa, gatarin da ka riƙe ƙarfe ne mai zuƙe ɗumi, hannuwanka kuma suna sama da kanka, jini na wahalar kai musu. Ruwa yana kwashe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Safar 'yan acaɓa an yi ta ne don iska da ƙura. Da ta jiƙe ta zama abokiyar gaba. Haka duk wata safa ta auduga.

To me zai hana in sayi mafi kauri a kantin in huta?

Kuskuren da na fara yi ke nan. Na shiga wani kanti na nuna wadda ta fi kowace kumbura, mai kama da ta 'yan damben Turawa, na biya kuɗin abincin wata guda. Ranar farko a jikin ƙanƙara na kasa buɗe ƙugiyar igiya, na kasa murɗa sukuru, sai na cire safar da haƙori na yi aikin da hannu tsirara. Kafin in mayar da ita yatsuna sun mutu.

Akwai kuma abin da ba a gane shi sai an hau. In safa ta yi kauri ba ka jin ƙotar gatari sosai, sai ka dinga damƙe ta da ƙarfi fiye da kima. Damƙar nan tana matse jijiyoyin jini, dantse ya gaji da wuri, yatsu su yi sanyi duk da kaurin. Ga shi tana sa gumi a kan hanyar zuwa, gumin kuma shi ne zai daskarar da kai in ka tsaya. Mai kauri tana da ranarta, kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba, amma ba ita ake hawa da ita ba.

Guda nawa ke nan zan saya?

Aƙalla kala uku, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Ta farko siririya ce, ta ulu ko ta yadin roba mai laushi, wadda za ka sa a kan hanya daga mota zuwa gindin ƙanƙara. Ita ce za ta sha gumi, in kun isa ka cire ta. Ta biyu ita ce ta hawa: mai ɗan dama-dama, tafinta na fata, ta kama hannu cif. Irin wannan biyu ake so, ko uku in ranar mai ɗigar ruwa ce, domin dole ɗaya ta jiƙe. Ta uku ita ce mai kauri ta tsayuwa, wadda za ka zura in ka sauko ko kana riƙe wa abokinka igiya. In sanyin ya yi tsanani, a nan ne ake son safar dunƙule, wadda yatsu huɗu ke zama ɗaki ɗaya suna ɗumama juna, babban yatsa shi kaɗai a gefe.

Waɗanda ba ka sanye da su ba a jaka suke zama ba. Cikin riga ake cusa su, a jikin ƙirji, su yi ɗumi kamar yadda mai ƙosai ke rufe kwano da tsumma. Wadda ta jiƙe ma can za ta koma don kada ta daskare ta zama katako. In kuɗinka na safa ɗaya ce mai tsada ko uku masu matsakaicin kuɗi, ni dai uku zan ce ka ɗauka, ban taɓa nadamar wannan shawarar ba.

Yaya zan san girman da ya dace da hannuna?

Ka karɓi tef wurin tela ka zagaye tafin hannunka ta kan gaɓoɓin gindin yatsu, ban da babban yatsa. Sannan ka auna daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Kamfanoni irin su Hestra na ƙasar Suwidin lamba suke sawa, kuma lambar ta yi kusa da zagayen hannu a inci: hannun da ya kai santimita 23 yana wajen lamba 9. Wasu kuma haruffa suke sawa, kuma abin da wani kamfani ya kira babba wani matsakaici yake kiransa. Awon yana kai ka kusa ne kawai.

Abin da za ka duba in ka zura hannu: yatsu su kai ƙarshe ba tare da sun tokare ba, kada kuma a bar wani leɓe yana reto a kan yatsa, don shi ne ke shiga bakin ƙugiya ya maƙale. Ka dunƙule hannu. In ka ji bayan hannun yana ja ko yatsu na matsuwa, ta yi kaɗan, kuma matsattsiyar safa ta fi siririya sanyi domin tana tare jini. Fata takan ɗan saki bayan kwana biyu, yadin roba ba ya saki. Mata da masu siraran hannu su nemi a ba su ɗinkin mata su gwada, sau da yawa ya fi zama. Sauran gwaje-gwajen suna cikin amsar abin da za ka yi a cikin kanti.

Ta fata ko ta yadi?

Galibin masu kyau haɗi ne: tafi da yatsu fata, baya yadi mai miƙewa. Igiya tana cin tafin hannu in ana saukowa, yadi ba ya jure mata, fata kuwa tana jurewa kuma tana kama ƙota ko da ta jiƙe. Fatar da aka fi so ita ce ta akuya, don tana da laushi da ƙarfi ba tare da kauri ba. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato ce fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙetara Sahara da ita, Turawa suna saye a tashoshin Maroko suna kiranta fatar Maroko. Na tsaya a kanti a ƙasar mutane ina shafa tafin wata safa, sai ƙamshinta ya tuna mini da rumfar dukawa a kasuwar Gusau.

Abin da ke ciki mai riƙe ɗumi kuma, ka nemi zaren roba irin su PrimaLoft ko Thinsulate, ko ulu, don suna ci gaba da aiki ko sun ɗan jiƙe. Gashin agwagwa ya fi su ɗumi a bushe, amma da ya sha ruwa ya kwanta, kuma damƙar gatari tana murƙushe shi. A bar shi ga safar dunƙule ta tsayuwa.

An rubuta Gore-Tex a jiki. Ke nan ruwa ba zai shiga ba?

Gore-Tex wata siririyar fata ce ta roba da ake sawa tsakanin waje da ciki, wadda Bob Gore ya gano a 1969. Ramukanta sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururin gumi yana iya fita. Tana aiki, sai dai kowace safa tana da babban rami guda, wanda ka zura hannu ta cikinsa. Kana ɗaga hannu sama ruwa ke bin gatari ya gangaro ta wuyan safa, gumi kuma yana taruwa fiye da yadda yake fita. Don haka ka kula da wuyan safar kamar yadda ka kula da tambarin: ko gajere mai shiga ƙarƙashin hannun riga, ko dogo mai hawa kansa da igiyar tsukewa da za ka iya ja da hannu ɗaya.

Wani aibin da ake samu: in hannu ya jiƙe ka zare shi, sai 'yar cikin, wato yadin da aka shimfiɗa a cikin safar, ta biyo yatsu ta juye, mayar da ita kuma a cikin sanyi sai wanda ya gani. Ka gwada wannan tun a kanti.

Gaskiya ne wasu da safar masunta suke hawa?

Gaskiya ne, kuma mutanen Yauri da Argungu sukan yi dariya in na faɗa musu. Wani kamfanin Japan mai suna Showa yana yin wata shuɗiyar safa, Temres 282, don masu aikin kifi da ɗakunan sanyi. Masu hawa suka gano ruwa ba ya ratsa ta, ba ta ƙagewa a sanyi, ga araha, har kamfanin ya fito da baƙa mai igiyar tsukewa a wuya saboda su. Aibinta: igiya tana cinye ta da wuri, ba ta kare gaɓoɓin yatsu in ka buge ƙanƙara, kuma ƙanana ake yin ta, sai ka ƙara lamba ɗaya a kan taka. A Amurka kuma akwai masu sayen safar fata ta ma'aikata irin ta Kinco su shafe ta da kaki.

In a kantin kayan ma'aikata kake dubawa, nemi alamar EN 511 da lambobi uku a ƙarƙashinta. Biyun farko, daga 0 zuwa 4, na jure sanyin iska ne da na taɓa abu mai sanyi. Ta ukun 1 ce in ruwa ba ya shiga, 0 in yana shiga.

Me ya sa hannu ke azabar zafi bayan an sauko, har wani ya yi amai?

Jini ne ke dawowa. Yayin da hannu ke sama yana damƙe da gatari, jijiyoyin yatsu sun tsuke. Da ka sauke shi sai jinin ya kwararo gaba ɗaya, ka ji kamar an tsoma yatsunka a tafasasshen mai. Masu hawa a Amurka sun raɗa masa sunan da ke nufin ihu da amai, kuma ba su yi ƙarya ba. Na ga ƙato ya durƙusa yana hawaye. Minti kaɗan yake yi ya wuce. Ana rage shi da sassauta damƙa, da sauke hannu ɗaya-ɗaya ana kaɗa shi a tsakiyar hawa, da wulwula hannuwa kafin a fara. Ka kuma sa babbar riga da zarar ka tsaya, domin in gangar jiki ta ji sanyi, hannu da ƙafa take fara yanke wa jini. Sau da yawa wanda ke kukan safa, riga ce ba ta ishe shi ba.

Yaushe sanyin yatsu ke zama haɗari?

In ciwon ya daina, yatsa ya mutu ba ka jin sa, fatar ta yi tauri kamar kyandir. Littattafan Turawa za su ce ka duba ko fata ta yi fari, amma a baƙar fata launin ba ya fitowa sosai, sai dai ta yi toka-toka, don haka ka dogara da taɓawa da ji, ka duba tafin yatsu da farce. Binciken da aka yi a kan sojojin Birtaniya ya nuna waɗanda asalinsu Afirka ne sun fi saurin samun raunin sanyi, saboda haka kada ka auna kanka da abokinka ɗan ƙasa da ke yawo da siririyar safa.

In ya faru, ka sa hannun a hammata ka sauka. Kada a murza shi, kada a goga masa dusar ƙanƙara, kada a kara shi a wuta, tun da ba ya ji zai ƙone ba ka sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki ake sa shi, digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba, sannan a nufi asibiti. Mai sikila kuwa, sanyi da tsayin dutse duka suna tayar da ciwon, ya ga likitansa tun kafin ya fara maganar safa. Haka mai ciwon suga. Taba sigari ma tana tsuke jijiyoyin yatsu.

Zan iya saya tun daga gida? Ina ganin irinsu a gwanjo.

Ana dacewa. A dilar kayan sanyi da ake buɗewa gab da hunturu nakan ga safar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wani lokaci ta babban kamfani, a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Irin wannan za ta iya zama ta tsayuwa ko ta yawo a gari. Ka juya ta ka duba ɗinkin tsakanin yatsu, ka zura hannu ka tsoma a bokitin ruwa minti ɗaya in mai kaya ya yarda, ka tabbata hagu da dama ne ba hagu biyu ba. Siririyar ta hanya ma ka saye ta a nan. Ta hawa dai ka bari sai ka isa.

Gwanjo ya tsaya a kan tufafi. Igiya, da ɗamarar ƙugu, da ƙugiyoyi, da hular kwano, ba a sayen na hannu, don ba ka san irin faɗuwar da suka sha ba. Sababbi ake saye masu alamar CE ko UIAA, wato shaidar an gwada ingancinsu, ko a yi haya wurin masu koyarwa.

In na isa, wane irin kanti zan nufa?

Iri biyu ne. Akwai manya masu rassa: Decathlon, wanda ke Turkiyya da Maroko da kusan duk Turai, kuma kayan hawansa na Simond ne, tsohon kamfanin garin Chamonix na Faransa da ya saya a 2008, REI a Amurka, MEC a Kanada, Tiso da Ellis Brigham a Birtaniya, Au Vieux Campeur a Faris, wanda ƙananan shaguna ne warwatse a unguwa ɗaya. Ɗalibi mai lissafin kuɗi ya fara da Decathlon. Akwai kuma ƙananan shaguna a garuruwan da ke gindin duwatsu, inda mai shagon da kansa yake hawa. Sun ɗan fi tsada, amma shi zai gaya maka ko ƙanƙarar yankin mai ɗiga ce ko busasshiya, kuma wannan ne ke yanke irin safar da za ka ɗauka. Rangwame yana zuwa ne a ƙarshen sanyi, wajen Maris da Afrilu.

Me zan yi a cikin kantin? Ana ciniki?

Ba a taya kaya kamar a kasuwar Talatar Mafara. Abin da aka liƙa shi ne kuɗin. Amma ana tambaya ko akwai ragin ɗalibai ko na 'yan ƙungiyar hawa, ko ragowar kayan bara. Ka faɗa wa mai kanti gaskiya: sabo ne kai, ga inda za ka, ga watan, ga abin da ke aljihunka. Kunyar cewa ban sani ba ita ta sa na sayi waccan mai kumburi.

Sannan ka sa safar ka yi aiki da ita. Ka ce a ba ka gatari ka riƙe sama da kai minti ɗaya. Ka buɗe ƙugiya ka maƙala igiya da hannu ɗaya, hagu da dama. Ka ƙulla igiya ka kwance, ka ja zif ɗin rigarka, ka zare hannu ka ga ko 'yar ciki ta biyo. Ka je da rigar da za ka hau da ita don ka ga yadda wuyan safa ke zama da hannunta. Ka gwada aƙalla kamfani uku, Black Diamond ko Rab ko Outdoor Research ko duk abin da suke da shi, domin kowane da irin hannun da yake yanka wa. Ka tambayi ƙa'idar mayar da kaya, ka adana rasit, kada ka cire takardar jiki sai ka sake gwadawa a masauki.

Sayen intanet fa?

Ya yi in ka riga ka gwada irin safar da lambarta a hannunka. In ba haka ba caca ce, kuma mayar da kaya daga Najeriya ya fi kuɗin safar. Jabu sun yi yawa: in ka ga tambarin babban kamfani a rubu'in kuɗinsa, tambarin kaɗai ka saya. Masu son safa mai batir mai ɗumama hannu su sani tana da nauyi, kuma batirin ajiya a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, gatari da haƙoran takalmi kuwa a jakar awo.

Ni Kilimanjaro kawai zan hau, ko Toubkal. Duk wannan ya shafe ni?

Rabi. Kilimanjaro, mai mita 5,895, tafiya ce a hanyoyin da aka saba bi, ba a buƙatar gatari. Siririya da safar dunƙule mai kauri sun isa, saboda daren ƙarshe da ake tashi wajen sha biyu a doshi ƙololuwa cikin sanyi mai tsanani. Ana hayarsu a Moshi da Arusha, garuruwan da masu hawan ke sauka, amma ka duba da kanka kafin ka karɓa. Toubkal na Maroko, mita 4,167, a lokacin sanyi yana son haƙoran takalmi da gatari ɗaya, ana haya a ƙauyen Imlil. A can sai ka ƙara mai yatsu mai tafin fata.

Alwala fa, a irin wannan sanyi?

Mu dai a masauki muke yi da ruwan ɗumi kafin mu fita, mu yi ƙoƙarin riƙe ta. In ta kama a waje, ruwan fulas ne, a bayan dutse inda babu iska, da ƙaramin tawul a aljihu. Kada ka kuskura ka mayar da jiƙaƙƙen hannu cikin safa. Ka tsane shi sarai, har tsakanin yatsu, ka ɗumama a hammata tukuna. Hukuncin taimama inda ruwa zai cutar, ka tambayi malaminka tun kana gida, ka tafi da amsarka.

Yaya ake busar da ita, kuma yaya zan ajiye ta in na dawo?

Nesa da wuta. Na taɓa ɗora tawa a kan ƙarfen ɗumama ɗaki na kwanta, da safe na tarar ta ƙanƙance ta yi tauri kamar ganda. A zare 'yar ciki in mai zaruwa ce, a buɗe bakin, a tsayar da ita yatsu sama a wuri mai ɗumi da iska, ko a cusa mata takardar jarida. A tanti kuwa cikin jakar barci ake kwana da ita. In ta bushe a shafa wa fatar kakin da aka yi don haka, irin Nikwax ko Sno-Seal, a bi ɗinki da kyau. An tambaye ni man kaɗe. Yana tausasa fata, amma ni ban sa shi a safa mai Gore-Tex ba, na bi abin da kamfanin ya rubuta.

A gida kuma abokan gabanta zafi ne da ɓera. Kada ka bar ta a but ɗin mota ko a akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, don gam ɗin ciki yana saki, robar kuma ta dinga ɓarewa. Kada ka ƙulle ta a leda da damina, za ta yi fumfuna. Jakar yadi a cikin durowa ta isa, ka fito da ita sau ɗaya a shekara ka shafa mata kaki. Tawa dai duk hunturu ƙanena ke zuwa aro zai tafi Bunguɗu a mashin da asuba, nakan ba shi ta gwanjon in ɓoye ta hawan.